Ni na gano abin da aka gina maƙalar a kai, amma sunana yana layin godiya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a fannin nazarin harshe. Na daɗe ina aiki ƙarƙashin malamin da ke duba kundina, a wani bincike da ya samo wa tallafi, kan harshen mahaifiyata wanda masu jin sa suka ragu ƙwarai. Shi ba ya jin harshen. Ni na nemo tsofaffin da aka naɗi muryarsu, ni na zauna da su, ni na mayar da maganarsu rubutu, na sa karin sauti a kan kowace gaɓa, na kuma fassara. Ana biyana alawus duk wata, wannan ban musa ba.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Akwai siga biyu ta aikatau da malamin nawa ya ɗauka bambancin maganar tsofaffi da ta yara ne kawai. Ni na lura tsohuwa ɗaya tana amfani da duka biyun: ɗaya in ta ga abin da idonta, ɗaya in labari aka ba ta. Na tara misalai na kai masa, ya yi murna sosai. Yanzu daftarin maƙala ya fito, kuma a kan wannan batu aka gina ta. Sunaye uku ne a sama: nasa, na wani abokin aikinsa da ke wata jami'a, da na shugaban sashenmu wanda ko sau ɗaya bai taɓa sauraren naɗin ba. Ni ina can ƙarshe, an ce ana godiya ga "mataimakiyarmu wajen tattara bayanai". Tsofaffin kuwa lambobi aka ba su, babu sunan kowa.

Da na yi wa ƙawata ƙorafi, cewa ta yi ai an biya ni, me kuma nake nema. Ba a tura maƙalar ba tukuna. Amma shi zai sa hannu a kundina, ina tsoron abin da zai biyo baya. Ina da gaskiya kuwa? In yi magana ko in yi shiru?

Wata ɗaliba

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Kina da gaskiya, kuma ki yi magana. Ki yi ta cikin 'yan kwanakin nan, tun daftarin yana hannun Malam. Da zarar maƙala ta isa hannun edita, ƙara suna ya zama jan aiki, domin yawancin mujallu sai sun nemi dalili a rubuce da amincewar duk waɗanda sunansu ke kai kafin su bari a taɓa jerin marubuta. In kuwa ta riga ta fito, sai an buga sanarwar gyara, abin da babu malamin da ke so a gani a ƙarƙashin sunansa. Yau layi ɗaya kawai zai ƙara a kwamfutarsa.

Zan fara da maganar ƙawarki, don na lura ita ce ta sa kika fara shakkar kanki. Alawus ɗin da aka ba ki ladan lokacinki ne da wahalarki. Shi ma Malam albashi yake karɓa, abokin aikinsa ma haka, kuma ba wanda ya ce albashin ya fitar da su daga jerin marubuta. Suna a saman maƙala abu biyu yake gaya wa mai karatu: wa ya yi tunanin da ke ciki, kuma wa za a tuhuma in aka ga kuskure. Ki auna maƙalar nan da na biyun. A ce gobe wani masani ya rubuto ya ce misali na goma sha biyu bai gamsar da shi ba, yana shakkar karin sautin da aka sa wa gaɓar ƙarshe. Cikin mutum ukun nan, wa zai buɗe naɗin, ya saurara, ya ba shi amsa? Ke za a nemo. Wanda za a nemo ranar tuhuma bai kamata a ɓoye shi ranar yabo ba.

Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. Ma'aunin da aka fi komawa gare shi a duniya shi ne na kwamitin editocin mujallun likitanci, ICMJE, wanda ya samo asali daga wani taro da aka yi a Vancouver ta Kanada a 1978. Sharuɗɗa huɗu suka gindaya na zama marubuci, kuma sai an cika su duka. Mutum ya ba da gudummawa mai nauyi wajen tsara binciken, ko samo bayanan, ko nazarinsu da fayyace ma'anarsu. Ya sa hannu a rubutun, ko ya bi shi da gyara na ilimi. Ya amince da sigar ƙarshe da za a buga. Sannan ya yarda ya ɗauki alhakin aikin, sharaɗin da aka ƙara a 2013. Na farkon kin cika shi har ya yi yawa, domin ke kika samo bayanan kuma ke kika fayyace ma'anarsu. Sauran ukun ne za a iya kafa miki hujja da su, a ce ai ba ki rubuta ko jimla ɗaya ba. To su kansu masu ka'idar sun hango wannan. Sun faɗa a fili cewa ba a yi sharuɗɗan don a riƙa fitar da mutane ta hanyar hana su damar rubutu ba, kuma duk wanda ya cika na farko ya kamata a buɗe masa ƙofar cika sauran. Ba ki rubuta ba ne domin ba a gayyace ki ba. Wannan ita ce maganar da za ki riƙe da kyau.

Ka'idar ta likitoci ce, masu nazarin harshe ba su da guda ɗaya da ta ɗaure kowa. Saboda haka ki tambayi mujallar da za a tura wa, ki shiga shafinta ki karanta abin da ta ce game da marubuta. Ki kuma duba ko jami'arku da waɗanda suka ba da tallafin suna da nasu a rubuce. Sau da yawa akwai, ba a dai karantawa ne.

Yanzu kalmar nan da aka liƙa miki, "tattara bayanai". Wanda bai taɓa mayar da maganar baka rubutu ba yana ɗauka kamar buga wasiƙa ne. Ke kin san ba haka ba ne. Minti ɗaya na hirar tsohuwa kan iya cin sa'a guda. Ki saurara, ki mayar baya, ki sake saurara. A kowane layi sai kin yanke hukunci: a ina kalma ta ƙare, wannan wasalin dogo ne ko jan numfashi ta yi, wannan tuntuɓen harshe ne ko ka'ida ce da ba a sani ba, wannan ɗafi ne da ke manne da wata kalma ko kalma mai zaman kanta. Duk wanda ya ɗauki rubutun nan ya yi nazari a kai, a kan hukuncinki ya gina, ko ya sani ko bai sani ba. Duk da haka zan gaya miki gaskiya, ba kowane mai irin wannan aiki ne ke zama marubuci a kowace maƙala ba. Da an ɗebi jimla uku daga rubutunki an saka a wata maƙala mai kwatanta harsuna talatin, godiya da ambaton inda aka samo misalan sun wadatar. Abin da ya bambanta naki shi ne kin ga abin da Malam bai gani ba, kin kawo hujja, kin sauya masa fahimta, kuma sabuwar fahimtar ita ce maƙalar. In aka cire abin da kika gano, ba abin da zai rage da za a tura wa mujalla.

Abin da ya same ki tsohon ciwo ne a wannan fanni. Ki dubi Dorugu, yaron Bahaushe da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Daga bakinsa James Frederick Schön, ɗan mishan mai nazarin Hausa, ya rubuta labarai da tatsuniyoyi da tarihin rayuwarsa, waɗanda suka shiga littafin Magana Hausa na 1885. Schön bai ɓoye sunansa ba, amma ki nemi littafin a kowane ɗakin karatu, a ƙarƙashin sunan Schön za ki same shi. Haka George Hunt, wanda ya tashi cikin al'ummar Kwakiutl a gaɓar yammacin Kanada, ya shafe shekaru da dama yana rubuta wa masanin al'adu Franz Boas dubban shafuka cikin harshen mutanen. Wasu littattafan sun fito da sunayensu su biyu, amma babban aikin 1921 da sunan Boas ya fito, tare da bayanin cewa an gina shi a kan bayanan da Hunt ya tattara. Kin ga irin lafazin da aka yi miki. Sai dai shi Boas ɗin ne kuma ya fitar da nahawun Dakota, wani harshen 'yan asalin Amurka, a 1941 da sunansa da na Ella Deloria, wadda harshen nata ne. Daga baya masanin harshe Ken Hale na jami'ar MIT ta Amurka ya dage cewa masu harshe su ya kamata su zama masanansa, har ɗalibansa Paul Platero, mai jin Navajo, da LaVerne Masayesva Jeanne, mai jin Hopi, duka harsunan 'yan asalin Amurka, suka kammala digirin digirgir a 1978. Na kawo waɗannan ne don ki san abin da kike nema ba sabon abu ba ne, kuma fannin ya daɗe yana karkata zuwa ɓangarenki.

Kada kuma wani ya ce miki sunaye sun yi yawa. A 2015 an buga wata maƙalar kimiyyar fiziks a kan ƙwayar Higgs mai ɗauke da marubuta 5,154. A 2020 ƙungiyar Masakhane, mai aiki kan fassarar inji a harsunan Afirka, ta fitar da maƙala da sunaye sama da arba'in, da gangan, don duk wanda ya sa hannu a gan shi. Suna na huɗu ba zai rage wa na farko komai ba.

Ina so ki yi wa Malam adalci kafin ki shiga ofishinsa, domin da irin zuciyar da kika shiga da ita za ki yi magana. Shi ya tsara binciken, ya nemo kuɗin, ya san inda abin da kika gano ya dace a cikin muhawarar masana, ya kuma zauna ya rubuta. Sunansa ya cancanci wurinsa. Mai yiwuwa ne ma bai zauna ya ƙulla cire ki ba. Malamai da yawa haka aka yi musu suna ɗalibai, sai suka taso suna ganin mataimaki wurinsa layin godiya, ba tare da sun taɓa tsayawa sun tambayi kansu ba. Mutumin da ya yi murna ranar da kika kai masa misalan nan ya san abin da kika yi. Ki je masa a matsayin wadda ke tuna masa, kada ki je a matsayin mai ƙara.

Batun shugaban sashe kuwa, ki bar shi. Na san yana ci miki rai, kuma ba daidai ba ne. Sa sunan babba don alfarma ko neman shiri abu ne da ka'idojin bugawa suka hana, ICMJE ma ta ce shugabanci ko samo kuɗi su kaɗai ba sa mayar da mutum marubuci. Amma ba ki san abin da ke tsakaninsu ba, wataƙila ya karanta daftari ya yi gyaran da ba ki gani ba. Ko da bai yi komai ba, ranar da kika haɗa neman haƙƙinki da neman a cire wani, kin mayar da maganar faɗa da mutum biyu masu iko da karatunki. Ki nemi naki kawai.

Akwai wani dalili da ba ki ambata ba, kuma a ganina shi ne ƙofar da ta fi sauƙin shiga. Ina kyautata zaton batun sigogin nan biyu zai shiga kundinki. In maƙalar ta riga kundin fitowa babu sunanki, mai jarrabawa na waje zai karanta babinki ya ga abin da aka riga aka buga da sunan wasu. Dole ki ambaci maƙalar a matsayin madogara, wato ki jingina wa wasu abin da ke kika gano, ko kuma a zarge ki da kwafar aikin malaminki. Na'urorin da jami'o'i ke bincikar satar rubutu da su ba su san wa ya riga wa tunani ba, abin da ya riga fitowa kawai suka sani. Wannan matsala ce ta gaske, kuma ta shafi Malam ma, tunda shi ke duba kundin. Kowane malami mai hankali zai gane ta nan take.

Kafin ki je, ki zauna ki rubuta abin da kika yi a shafi ɗaya, ba ƙari ba ragi. Akwai tsarin da zai taimake ki, ana kiransa CRediT. Ya faro daga wani taro a Harvard a 2012, ya zama ma'auni karɓaɓɓe a Amurka a 2022, kuma mujallu da yawa yanzu suna neman a cike shi. Ya kasa aikin bincike gida 14, daga ƙirƙiro tunanin, da tsara hanyar bincike, da gudanar da shi, da tsaftace bayanai da adana su, da nazari, da tabbatar da sakamako, har zuwa samo kuɗi, da sa ido, da rubuta daftarin farko, da bita. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya, ki sa sunan wanda ya yi kowanne, har da na Malam a duk inda shi ya yi. Amfanin wannan shi ne yana ɗauke maganar daga "wa ya fi wa" ya mayar da ita "wa ya yi me". Ki kuma tattara shaidarki: littafin da kike rubutu a ciki da kwanan watansa, saƙon imel ko na waya da kika tura misalan, fayilolin da ke nuna ranar da kika yi su. Ba don ki baza masa su a tebur ba. Ki adana su ne kawai, a wurin da ke hannunki.

Ki same shi shi kaɗai, a lokacin da ba ya cikin sauri, kada ki yi a gaban ɗalibai ko abokan aikinsa. Abin da za ki faɗa bai wuce wannan ba: "Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na karanta daftarin, na ji daɗin ganin inda batun nan ya kai. Akwai abin da nake so in nemi shawararka a kai. Tunda wannan batu zai shiga kundina, ina tsoron kada a ga kamar na kwafa. Ina roƙon a duba yiwuwar sa ni cikin marubuta. A shirye nake in rubuta sashen da ke bayanin yadda aka samo bayanan, in bi misalan duka in tabbatar da su da naɗin, in kuma amsa duk tambayar da masu tantancewa za su yi a kansu." Kin ga ba suna kawai kika nema ba, kin miƙa kanki ga sauran sharuɗɗan uku. Daga nan ki yi shiru ki bar shi ya yi magana. In ya ce zai yi tunani, ki gode, ki tambayi yaushe za ki dawo. In ya amince, da kin koma ki tura masa gajeren saƙo na godiya wanda ya ambaci abin da kuka tsayar, don maganar ta zama a rubuce.

In kin samu shiga, ki sani kin ɗauki kaya. Ki karanta maƙalar daga farko har ƙarshe, har sassan ra'in da ba ki saba da su ba. Inda kika ga an faɗi abin da bayanan ba su nuna ba, ki faɗa. Daga ranar duk kuskuren da ke ciki naki ne ke ma.

Jerin sunayen ya danganta da fanni. Masu lissafi bisa haruffa suke jerawa. A likitanci da kimiyyar halittu na farko shi ne wanda ya fi yin aikin, na ƙarshe kuma yawanci shugaban ɗakin binciken. A nazarin harshe an fi bin girman gudummawa, wasu kuma su jera bisa haruffa su faɗi haka a ƙasan shafi. Ni a ganina, a wannan maƙala da Malam ya riga ya rubuta, na biyu ya dace da ke, kuma kada ki tsaya jayayya a kan wuri. Amma maƙalar da za ta fito daga kundinki kai tsaye, ke ce ta farko. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, APA, ta sa irin wannan a ka'idarta game da kundin digirin digirgir, kuma hikimar ɗaya ce a naki. Ki kuma zaɓi yadda za ki riƙa rubuta sunanki ki tsaya a kai, ki buɗe ORCID, lambar shaida ta masu bincike, kyauta ce, don duk abin da kika buga ya taru wuri ɗaya ko da sunanki ya sauya wata rana.

Na ji daɗi da kika tuna da tsofaffin, domin a nan ke ce mai iko a kan wasu, kamar yadda Malam yake da iko a kanki. Ba su lamba ba koyaushe ne raini ba. Kwamitocin ɗa'ar bincike sukan sa a sakaya sunan waɗanda aka yi hira da su don kare su, kuma in mutum ya faɗi sirrin gidansa ko abin da zai jawo masa fitina, sakayawar ce daidai. Amma tsohuwar da ta ba da tatsuniya ko waƙar da ta gada, ko ta zauna tana koya muku harshenta, sau da yawa so take a san ita ce, jikokinta su gani. Ba ke za ki yanke mata ba, ba kuma Malam ba. A tambaye ta, a gaya mata a fili inda maganar za ta je da wanda zai iya ji, ta zaɓa. Ki duba takardar amincewar da suka sa wa hannu ko aka karanta musu. In an yi musu alkawarin sakaya suna, sai an koma gare su da kuma kwamitin kafin a sauya.

Ambaton sunan yana da amfani ga ilimin kansa. Sigismund Koelle, wani ɗan mishan Bajamushe, da ya tattara kalmomin harsunan Afirka sama da ɗari daga bakin 'yantattun bayi a Freetown ta Saliyo ya buga a 1854, ya rubuta sunayen masu ba shi bayani da garuruwansu da yadda aka yi suka baro gida. Bayan fiye da shekara ɗari masana tarihi suka koma ga waɗannan bayanan don gano daga ina aka riƙa kwaso bayi. Da lambobi ya ba su, da wannan duka ya ɓace. A yau taskokin adana harsuna irin su ELAR da PARADISEC suna da gurbin mai magana, da mai naɗa, da mai rubutawa, da mai fassara a kan kowane naɗi, kuma shawarwarin masana harshe na 2019, masu ɗauke da sunan garin Tromsø na Norway, sun nuna yadda za a ambaci irin waɗannan bayanai a maƙala tare da rawar da kowa ya taka. Ki tambayi Malam inda za a adana naɗin, ki nemi a cike waɗannan gurabe daidai. Nan ma sunanki zai zauna, a kan aikin rubutawa da fassara, ko da wani ne ya yi amfani da shi bayan shekara ashirin.

To in ya ƙi fa? Ki tambaye shi dalili cikin ladabi, ki saurara da kyau, domin wataƙila akwai abin da ba ki sani ba. In dalilin bai gamsar ba, mataki na gaba shi ne wani malami babba da kuke ganin girmansa ku duka biyu, ko mai kula da karatun manyan digiri, ya sa baki a asirce. Sulhu irin wannan ya fi takardar ƙara saurin warware abu. Rubuta wa mujalla shi ne na ƙarshe, kuma ki san iyakarsa: kwamitin ɗa'ar bugawa na COPE, da aka kafa a Ingila a 1997, yana shawartar editoci kada su zama alƙalai a rikicin marubuta, su mayar da shi ga jami'ar da abin ya faru. Abin da edita zai iya yi shi ne ya dakatar da maƙalar har a daidaita. Ke nan ko ta ina kika bi, jami'arku za a dawo.

Abu uku nake roƙon kada ki yi, komai zafin da kika ji. Kada ki kai maganar Facebook ko wani dandali. Kada ki riƙe fayilolin ki ce ba za ki bayar ba. Kada kuma ki yi sauri ki tura taki maƙalar a ɓoye, domin bayanan na aikin da aka ba wa tallafi ne, kuma yin haka zai mayar da mai gaskiya mai laifi.

In kin auna kin ga matsawa za ta jefa digirinki cikin haɗari na gaske, ba zan ga laifinki ba in kika ja da baya a kan wannan maƙala. Ke kika san mutumin, ni ban san shi ba. Amma ko a nan akwai mafi ƙarancin abin da za ki nema: a gyara layin godiyar ya ambaci cikakken sunanki, ya kuma faɗi a fili cewa ke kika fara lura da bambancin sigogin biyu, ke kika rubuta misalan kika fassara. Jimla ɗaya irin wannan za ta kare kundinki, kuma za ki iya nuna ta a duk inda kika je neman gurbin digiri na uku. Sannan ki nemi izininsa a rubuce na yin amfani da naɗin a kundinki da maƙalun da za su fito daga cikinsa. Kafin ku fara ta gaba, tun ran gini tun ran zane, ku zauna ku rubuta wa zai yi me da yadda sunaye za su jeru, kowa ya riƙe kwafinsa, ku kuma sake duba takardar in aikin ya sauya hanya.